Ci-ranin maza: mata sun samu gona, ko aikin gona kaɗai suka samu?

Malam Isufu: Assalamu alaikum. Ana yawan kukan cewa tafiyar maza ci-rani ta kashe noma, ta bar mata cikin wahala. Ni ban yarda ba. A ganina amfanin tafiyar ga matan karkara ya rinjayi cutarwarta. A ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, wato Tawa da Keita da Buza da Illela, damina wata uku ce zuwa huɗu. Namijin da ya zauna gida daga kaka har bazara, cin rumbu kawai yake yi. In ya tafi Abijan ko Legas ko Kano, bakinsa ya fita daga cikin masu ci, kuɗi kuma na shigowa. Ku tuna aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984. Mata ne suka yi mafi yawan ɗaukar duwatsu da haƙar ramukan itatuwa, domin maza ba su nan. Yau mace na riƙe kuɗi, tana zuwa taron ƙungiya, tana faɗin abin da za a shuka. Da maza na zaune, wa zai ba ta wannan fili?

Hajiya Rabi: Wa'alaikumus salam. Malam, bakinsa ya fita daga cikin masu ci, gaskiya ne, amma a gidaje da yawa rumbun ma fita yake yi tare da shi. Kafin ya tafi yakan ware wa iyali 'yan dammuna, ya liƙe rumbun gandu, ya bar wa mahaifinsa ko wansa umarni kada a buɗe sai ruwa ya sauka. Ba don mugunta ba, yana so ne a samu abin ci lokacin noma. To mu yi lissafi. Buhun gero mai kilo 100 tiya 40 ne. Gida mai mutum takwas, a ce tiya biyu a yini, buhu ɗaya kwana 20 ke nan. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu wata bakwai ne, wajen buhu goma. Gayaunar mace, wadda mutanen Maraɗi ke kira gamana, in ta kai rabin hekta ta yi girma, kuma a ƙasar da hekta ke ba da kilo 400 zuwa 500 na gero, buhu biyu ko biyu da rabi za ta samu. Sauran fa? Daga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da sayar da akuya, da sussuka da daka a gidan masu hali. Wannan shi ne ikon da ka ce ta samu?

Lawali Madawa: Ku yi haƙuri, Malam da Hajiya, kuna magana a kan tafiya biyu kamar ɗaya ce. Akwai wanda ke fita bayan an ɗaure dammuna, ya dawo a watan Afrilu ko Mayu, ya yi sassabe da sharar gona, ya kai taki, ruwan shuka ya tarar da shi a gida. Wannan gonarsa ba ta rasa komai ba. Akwai kuma wanda ya tafi Libiya ko Aljeriya, ko haƙar zinariya tun da aka gano ta Jado a 2014, ya yi damina biyu ko uku bai taka gona ba. A nan ɓarnar take, kuma ba a shuka take ba. Shuka aikin kwana biyu ne: mutum ɗaya na sara da sungumi, mata da yara na bi suna zuba iri suna binnewa. Inda gona ke mutuwa shi ne noman fari. Dole a shiga cikin mako biyu zuwa uku bayan tsiro, a rage tushe ya koma ƙwara uku a kowane rami, sannan a yi maimai bayan wani mako biyu ko uku. In aka makara, ciyawa ta rigaya ta sha danshi da ɗan takin da ke ƙasa, gero ya yi rawaya ya ƙi yin 'ya'ya, kuma noman da aka yi masa daga baya ba ya mayar da abin da ya rasa. Matar da ke ɗiban ruwa, da itace, da daka, da goyo a baya, ba za ta gama hekta uku da hauya cikin wannan ɗan lokaci ba. Ga shi al'ada ta ce gandu za a fara, don haka gayaunarta ce ke zama ta ƙarshe, ita ce ciyawa ke ci.

Malam Isufu: Lawali, ai don wannan ake aiko kuɗi. Ta ɗauki 'yan ƙwadago huɗu, su share mata gonar cikin 'yan kwanaki. Yanzu kuma ba kamar da ba ne da sai an jira wani ya zo daga Abijan da kuɗi a aljihu. Ga kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, ga waya, yau a aiko yau a karɓa.

Zuwaira: Baba Isufu, wa ke karɓa? Wannan ita ce tambayar. Sau da yawa sunan wan mijin ko mahaifinsa ake sa wa kuɗin, domin shi ke da katin shaida, shi ke zuwa gari ranar kasuwa. Shi zai raba, kuma gonarsa zai fara kai 'yan ƙwadago. Na biyu, lokaci. Duk ƙauyen a mako ɗaya suke neman mai noma, sai kuɗin yini ya tashi, kuma ɗan ƙwadago a hannu yake so, haɗe da fura da abincin rana. Kuɗin da ya iso bayan kwana goma ya zo ne don sayen hatsi, noma ya wuce. Gayya kuwa ramuwa ce: gidan da ba shi da namijin da zai je gonar wasu gobe, da wuya a taru masa yau. Na uku, kuɗin ba shi da tabbas. A 2011 yaƙin Libiya ya koro mutane da yawa gida hannu wofi. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A 2023 ɗin naira ta faɗi, abin da mai tura baro a Kano ke aikowa ya ragu ƙwarai in an canza shi zuwa sefa, alhali tiya ba ta sauko ba.

Malam Habibu: Bari in sa baki ta fuskar shari'a, domin ana cakuɗa al'ada da addini a nan. Ci da sha da tufafi da wurin kwana wajibi ne a kan miji, yana nan ko ba ya nan. Abin da mace ta noma a gayaunarta dukiyarta ce. In ta ciyar da gida da shi alheri ta yi, bai kamata a mayar da shi haƙƙi a kanta ba. Wanda ya liƙe rumbu ya tafi ba tare da ya bar abin da zai ishi iyalinsa ba, bai sauke nauyi ba, ko da niyyarsa ta tattali ce. Haka maganar gado: mata tana da sumuni in akwai 'ya'ya, ɗiya tana da rabin rabon ɗa, kuma gona tana cikin abin da ake rabawa. Masu cewa a ba ta kuɗi kaɗan a bar ƙasa ga maza, son rai suke bi.

Hajiya Rabi: Allah ya saka, Malam Habibu. Kuma rashin mallakar nan yana bayyana a jikin ƙasar kanta. Tassa, wato ramukan tara ruwan sama da ake shuka a ciki, aikin rani ce: rami mai faɗin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, zurfin wajen santimita 15 zuwa 20, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. A faƙo mai tauri hekta ɗaya na cin awa 300 ko fiye. Mata na iya yi, sun yi an gani. Amma me zai sa ta fasa faƙo shekara guda, alhali aro ne, in ƙasar ta farfaɗo mai gida ko ƙaninsa na iya cewa a mayar da ita cikin gandu a ba ta wata? Takin gida ma gandu ake kai wa, ko da na awakinta ne, domin amalanke ba nata ba ne. Shi ya sa wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotse gero, ta fi yawa a gonakin mata, ƙasa ce da ta gaji. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da ke iya rubuta takardar aro ko kyauta ko saye, har a matakin ƙauye. Takardar da ta ce shekara biyar ko goma za ta canza lissafin mace gaba ɗaya. Maza nawa ke yin ta kafin su hau mota?

Malam Isufu: Na ji duka, kuma ban musa wahalar ba. Amma kuna auna gidan da mai shi ya tafi da gidan da mai shi ke zaune rumbu cike, alhali wannan gida na biyu ya yi ƙaranci. Ku dubi Kance a jihar Damagaram, inda gonaki suka tsuke har mata da kansu ke ɗaukar yara su nufi Aljeriya. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da ƙananan yara. In namiji bai fita ba kuma gona ba ta ciyarwa, abin da ke biyo baya ke nan. Kuma ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, da aka fara a Maraɗi a 1991, da me mata da yawa ke zubin mako in ba da abin da aka aiko ba?

Zuwaira: Baba, ba mu ce kada ya tafi ba. Cewa muka yi ya bar mabuɗi da magana a hannun wadda ke aikin. Ga misali da takin zamani. Hanyar ɗan tsunkule ba ta buƙatar buhuna da yawa: giram 6 na NPK 15-15-15 ko giram 2 na DAP a kowane rami. A tazarar mita ɗaya, rami 10,000 a hekta, kilo 60 ko kilo 20 ke nan. Mace na iya sayen na rabin hekta da kuɗin asusu. Sharaɗin shi ne a sa shi lokacin shuka ƙasa da danshi, ko jim kaɗan bayan tsiro, a gefe, domin in ya taɓa iri a busasshiyar ƙasa ƙona shi yake yi. Wannan shawara ce ta yini ɗaya. In sai ta jira an kira mijin a Sabha ta Libiya ko Tamanrasat ta Aljeriya, an samu layi, ya ce bari in yi tunani, danshin ya tafi.

Lawali Madawa: Haka abin yake da kaka. Wake ya fi araha ranar da kowa ke kai shi kasuwa, kuma a ranar ne mai bashi ke zuwa ƙofa, wanda ya ba da tiya a watan Agusta yana neman fiye da ita. In mace na da izinin riƙewa, ta shanya waken ya bushe sarai, ta fece shi, ta zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ta matse iska, ta ɗaure kowace leda daban, ta ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ƙwari na mutuwa don rashin iska, ba sai an sa magani ba, kuma huda ɗaya ko yawan buɗewa na ɓata aikin. Inda ƙungiya ke ajiye hatsi a sito a karɓi rance a kansa, ta biya mai bashi da rancen, ta sayi rago ta kiwata da harawa da dusa, a sayar da waken a bazara. Amma sito sunan mai hatsi yake rubutawa. Malam Isufu, a gidajen da ka ce mata sun samu fili, sunan wa ke kan buhun?