Rigimar "datti" a guruf ɗin 'yan fiziks na Gusau

Nasiru: Jama'a yau raina ya ɓaci wallahi. Wata uku ina fama da samina ɗin nan, malamin ko shafi na biyu bai buɗe ba ya ce wai aikin banza ne. Alhali abin da na rubuta gaskiya ne, a siririyar wayar kwantam ilektiron layi guda suke bi kamar awaki a kan gadar katako, ƙwayar datti mai maganaɗisu irin ta ƙarfe guda ɗaya tak a gefen wayar ta isa ta tare musu hanya in an sanyaya wayar sosai.

Bello Anka: Datti kuma? Ƙarfen ne datti? Gyara bakinka malam, gauraye ake cewa.

Nasiru: Yaya Bello ba wannan ce maganar ba.

Bello Anka: Ita ce maganar mana. Abin da aka sa da gangan ba datti ba ne, gishirin miya datti ne?

Hajara: To ai asalin abin ba da gangan aka sa ba. A 1934 a Leiden ta ƙasar Holan aka ga turjiyar da zinari ke yi wa wutar lantarki tana ta raguwa da sanyi, can kuma sai ta juya ta fara hawa, shekara 30 ana ta kai ruwa rana sai 1964 Jun Kondo ɗan Japan ya nuna ɗan maganaɗisun ƙwayar ne ke musayar sifin, wato alƙiblar maganaɗisu, da ilektiron masu wucewa yana warwatsa su. Ƙarfe ne kaɗan ya maƙale a zinarin, ba wanda ya gayyace shi, in ba datti ba mine ne?

Bello Anka: Anti Hajara zinari kike faɗa wa ɗan Anka? Mu da muka tashi muna ganin ana niƙa dutse ana wankewa a kwano.

Sani Argungu: Naku dalma ce a ciki, kun manta Bagega 2010? Ita kuma dalma ba ruwanta da Kondo.

Bello Anka: Kai ɗan su, yaran da suka rasu za ka kawo cikin wasa? Koma ka kama kifinka.

Sani Argungu: Ban yi da wasa ba, Allah ya jiƙansu. Amma kifin da ka raina shi ya biya min kuɗin makaranta.

Nasiru: Don Allah ku dawo. Ko wayar tas take, tun 1988 aka auna a Delft ta Holan da Kambirij ta Ingila, in ana faɗaɗa wayar wuta hawa-hawa take ƙaruwa kamar matakala, hanya guda turjiyarta wajen kilo-om 12.9 ce. Tambayata, ƙwayar da ke gefe nawa take ragewa a matakalar farko?

Sani Argungu: Ka dai fara cire datti daga taken.

Hajara: Kar ka cire komai.

Admin Lawali: Na rufe. Taƙaitawa: kowa ya yarda gauraye ne daidai kamar yadda Yaya Bello ya faɗa, Hajara ta kawo tarihi amma bai shafi kalmar ba, Sani kuma ya ba mutanen Anka haƙuri kafin isha'i. Nasiru ka gyara take ka mayar wa malaminka.

Hajara: Wane kowa?