Musayar Waƙa Kan Taskar Tsirrai ta Jami'ar Bayero

Malam na Gwale:

Da sunan Allah zan fara, 'yan'uwana,
Kan taskar tsirrai za mu yi tattaunawa.

A Jami'ar Bayero akwai wani ɗaki
Da ake adana ganye bayan bushewa.

Akan tsinko reshe da fure da 'ya'ya,
A danne a takarda har danshi ya yi ficewa,

Sannan a liƙa, a rubuta rana da wuri,
Da sunan tsiron, da na mai tsinkowa.

Luka Gini, likita a ƙasar Italiya,
A ƙarni na 16 ya fara koyarwa.

Taskar Kew a Ingila, tsirranta sun haura miliyan 7,
Ta Ibadan a 1942 aka yi kafawa.

Hajiya ta Yakasai:

Allah gafarta Malam, ina da tambaya,
Don zancen nan bai gama shigata ba tukunawa.

Masu magani a Kurmi sun san sabara,
Sun san marke tun ba a fara rubutawa,

Majema sun riƙe bagaruwa tun kakanni,
To me busasshen ganye zai zo ya ƙarawa?

Ɗalibi na Kabuga:

Hajiya, ranki ya daɗe, ga amsa:
Garin magani in an daka ba a ganewa.

Mai bincike dole ya kawo tsiron da kansa,
A gwada da na taska kafin tabbatarwa,

A ba shi lamba, don wanda zai biyo baya
Ya san ainihin abin da aka yi aunawa.

Kuma dubi gonakin da ke bayan gari,
Inda gawo ke kaɗe ganye da saukar ruwa,

An yanka filotai, an sare kanya da aduwa,
An ƙone gawayi da kututturen ɗorawa.

Takardar nan ce shaidar sun taɓa tsayuwa
A wurin da yau bulo kaɗai ke tasowa.

Hajiya ta Yakasai:

Na gamsu, ɗana, amma da sharaɗi guda:
Sunan Hausa ya zauna kusa da na Turawa.

Malam na Gwale:

Hajiya, Dalziel, likita a Arewa, ya tattara sunayen,
A 1916 aka yi bugawa.

Sauran aiki namu ne, mu je gun tsofaffi,
Mu kuma kare taskar daga ƙwari masu cinyewa.