Masu son keke, tattaki da hawan dutse: wane gari kuka zauna ya karɓe ku?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema wurin waɗanda suka taɓa zama wasu garuruwan. Ni dai tun ina sakandare ba abin da nike so kamar in hau keke bayan asuba in fita bayan gari, in bi hanyar Ajiwa ko ta Daura in sha iska in dawo kafin rana ta yi zafi, ran Asabar kuwa da can har Dutsin-ma muke zuwa da abokai mu hau duwatsu mu gangara dam ɗin Zobe mu sayi kifi. To yanzu kun san yadda wasu hanyoyin suka koma, Hajiyarmu ba ta barina in yi nisa, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina ya wuce 40, ƙarfe takwas na safe ma sirdin keke ya ɗau zafi. Wurin aikinmu sun ce in zaɓa, ko Jos ko Abuja ko in tsaya nan gida. Ina da mata da yara biyu ƙanana. Don Allah wanda ya zauna can ya gaya mani yadda ya ji a jikinshi, ba labarin hoto ba.

Na Rafin Daɗi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara 6 na yi a Jos, bari in ba ka nawa tiryan-tiryan. Ranar da na fara zuwa ta hanyar Falgore muka bi, muka ratsa Saminaka, tun daga wajen Jingir na ji mota na ta hawa kunnena na toshewa, na sauke gilas sai ga wata iska mai sanyi a watan Afrilu, Afrilu fa, lokacin da na baro mutane na kwana a tsakar gida suna yayyafa ma tabarma ruwa. Garin yana bisa tudu ne, sama da mita 1,200, shi ya sa. Wallahi satin farko ji na yi kamar an sake haihuwata, ƙarfe biyu na rana ina tafiya a ƙasa ba gumi.

Hawan dutse kuwa in shi kake so ka samu. Duwatsun Shere suna nan gabas da gari, mukan taru mu biyar ko shida mu fita da sassafe da ruwa da dafaffen dankalin turawa a leda, in ka kai sama ka ga Jos duka shimfiɗe ƙarƙashinka, hazo na tashi daga kwari, ba ka jin komai sai iska da kukan shanun Fulani can nesa. Akwai dutsen Riyom da duwatsu suka hau kan juna kamar an jera da hannu, akwai ruwan Assop a hanyar Abuja. Kayan lambu kuma ka je Farin Gada ka ga kabeji da karas da koren wake jibge, har sitiroberi ana nomawa a yankin.

Amma ga abin da ba wanda ya gaya mani. Na ɗaya sanyi. Mu Katsinawa muna ganin mun san hunturu, a'a. Disamba da Janairu a Jos ruwan alwalar asuba sai ka dafa, ƙaramar 'yata kullum mura da tari, sau biyu muna kwana asibiti da ita saboda limoniya, uwarta ta ce ita fa ta gaji. Na biyu keke, garin hawa da gangara ne, mai keken da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanyar Daura in ba keken giya gare shi ba turawa zai riƙa yi. Na uku kuma shi ne babba, tun rikicin 2001 da na 2008 unguwanni suka rabu, ba ko'ina za ka kama haya ba kuma ba ko'ina za ka ratsa da keke kai kaɗai ba in ana zaman ɗar-ɗar a gari. Na yi abokai na kirki cikin 'yan ƙasar, su ne ma ke kai ni duwatsun, amma sai da na koyi tambaya kafin in fita. Sannan tafkunan nan da aka bari bayan haƙar kuza, masu kyau a ido kamar ka faɗa, kada ka yarda ka shiga ko ka bar yaro kusa, zurfinsu ba wasa ba, suna cin mutane.

Na dawo gida ne don Baba ya tsufa ba don Jos ta kore ni ba. Har yau in bazara ta kama sai in riƙa tuna ta.

'Yar Daura:
Yaya ka yi bayani Allah ya saka. Ni bari in yi magana a madadin matar Ɗan Ƙofar Marusa tunda ita ba a tambaye ta ba, Malam ka yi haƙuri. Maigidana ma irinka ne, ɗan son fita, aka mai da shi Abuja muka tattara muka tafi ina ta murna don na sha ganin hotunan tafkin Jabi da Millennium Park a Facebook. Da muka je kuɗin hayar cikin gari ya fi ƙarfinmu sai Kubwa, can ciki ma, ɗaki biyu a bene hawa na biyu ba tsakar gida ba bishiya, shanya ma a baranda. Shi yana fita shida na safe don gudun gosulo ya dawo bayan isha'i a gajiye, Asabar ɗin da aka ce za a je shan iska barci yake, in ya tashi a lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa mu biyar sai a ce bari wani satin. Cikin shekara 3 sau huɗu na ga tafkin Jabi, na ƙirga. Dutsen Zuma kuwa sai dai in za mu gida in hango shi ta taga, na fi ganinshi a jikin naira 100. Da aka cire tallafin mai a 2023 fitar ma ta tsaya gaba ɗaya.

Ba wai garin ba kyau ba, yana da kyau ƙwarai, ga duwatsu ga korayen itatuwa ga ruwan sama, masu zama Maitama ko Jabi da sassafe za ka gan su suna ta zagaye da kayan motsa jiki. Amma ni da yarana a kulle muke. A Daura kuwa da la'asar in na gama girki sai mu fita da maƙwabciyata mu taka har bayan unguwa inda gonaki suka fara, yara na gudu gabanmu suna tsintar aduwa, mu gaisa da kowa a hanya. Yanzu mun dawo, ina da zogale da rama da ɗan lalo a bayan ɗaki, ga tumakina uku, ga darbejiya a tsakar gida da nike shimfiɗa tabarma ƙarƙashinta. Zafi akwai shi ba ƙarya, amma na fi shan iska a nan sau goma. Don haka ka tambayi ejan nisan gidan da wurin da kake son zuwa, kuma ka tambayi uwar yara ita ina za ta riƙa fita.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Anti wallahi kin taɓo inda ban duba ba. Yau da dare zan zauna da ita.

Mai Kilisa:
Ni nawa daban ne don ni doki ne rayuwata, gidanmu gidan hawa ne tun kakanni. Na yi Legas shekara 2 ina kasuwanci, ana samu alhamdulillahi, ran Lahadi nikan je bakin teku in ga dawakan da ake ɗora mutane a kai a ɗauki hoto, duk sun rame haƙarƙari a waje, sai in ji ƙwalla ta taho mani. Ina za ka ɗaure doki a Legas, ina za ka samu harawa da dusa da kanwa da araha, ina filin da za ka sake mashi linzami? Na koma Kaduna ya ɗan fi, akwai masu folo akwai bakin kogi, amma duk da haka ba kamar gida ba. Katsina fa garin doki ce, tun zamanin Sarki Dikko ake buga folo a nan, Sarki Usman Nagogo kuwa duniya ta san shi da shi. Yanzu bayan la'asar in na ɗaura sirdi muka fita kilisa da yaran unguwa, ƙasa mai yashi mai taushi ga kofato, rana na faɗuwa ta yi ja, ba ni da sauran buƙata. Ga hawan sallah a Ƙofar Soro sau biyu a shekara da muke shiri tun wata guda kafin nan. Abin da nike nufi ɗan uwa, keke bai da ci bai da sha, kai ka fi ni sauƙin ƙaura, amma ka duba abokan fitarka, su ba za su shiga bayan mota su bi ka ba.

Ɗan Bautar Ƙasa:
Ba a sa Mambila cikin zaɓi ba amma sai na faɗa. A Gembu na yi hidimar ƙasa. Daga Jalingo ka bi Bali ka wuce Serti sannan a fara hawan dutsen nan mai kwana-kwana da in ka leƙa ƙasa sai ka kama salati. In ka hau kuwa wata duniya ce, tuddai kore shar har iya ganinka, shanu manya-manya, gonar shayi a Kakara, gajimare na wucewa ta gabanka kamar hayaƙi. Kullum da yamma nike hawa tudun bayan makarantarmu. Na so in zauna wallahi, har na fara tambayar fili. Abin da ya hana ni nisa, kwana biyu nike a hanya kafin in iso Katsina, aka yi rasuwar kawuna ban samu jana'iza ba sai addu'ar uku, tun daga ranar na san ba zan iya ba. Ruwan sama kuma wata da watanni, wanki ya kwana uku bai bushe ba.

Bafuntuwa:
Ku duk kun tafi nesa. Malam me ya hana ka nemi Funtuwa ko Zariya in wurin aikin naku na da reshe? Mu nan damina na riga ku sauka kuma tana daɗewa, gari ya fi Katsina sanyi da itatuwa, ga dam ɗin Mairuwa kusa, Zariya kuma ga dutsen Kufena ka hau ka sauko ka ci abincin rana a gida. In Hajiya ta kira ka da safe kafin azahar kana gabanta. Sai dai mu ma ta ɓangaren yamma ba a shiga daji yanzu, bakin titi muke tsayawa.

Na Rafin Daɗi:
Gaskiya ne amma kada a haɗa Kufena da Shere, ba ajinsu ɗaya ba ko kusa. Shawarar kusa da gida dai na yarda da ita.

Malamar Firamare:
Ni Bauchi muka zauna shekara 4 kuma ita ce ta fi kwanta mani cikin duk inda aikin maigida ya kai mu. Ba ta da sanyin Jos ba ta da tsadar Abuja, gari ne a natse da duwatsu kewaye, mutanenta da kara. Lokacin hutu mukan kai yara Yankari su yi wanka a ruwan Wikki, ruwan ɗumi ne garai-garai kana ganin yashin ƙasa, dare da rana ɗuminshi ɗaya wajen digiri 31, sai dai ka riƙe ledar abincinka da kyau saboda gwaggon biri. Kuma Jos ba nisa, in marmarin sanyi ya taso ka je ka wuni ka dawo. In da za a ba ni zaɓi yau can zan koma, duk da 'yan uwana duk suna nan Sabuwar Unguwa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Mun yi magana da uwar yara jiya har sha biyun dare. Abuja dai mun cire ta, albashina ba zai kai mu inda ake shan iskar ba. Ita hankalinta ya fi kwanciya da gida saboda ƙaramin namu yana da asma, ni kuma zuciyata na Jos ba zan ɓoye ba. Abin da muka tsayar, zan ɗauki hutun sati biyu a Disamba mu je gaba ɗaya mu sauka wurin ɗan gwaggona a Unguwar Rogo, lokacin da sanyin ya fi tsanani, mu ga yadda ƙirjin yaron zai yi, ita ma ta ga unguwar da kasuwa da islamiyyar yara, ni kuma in gwada fita da keke kullum bayan asuba kamar ranar aiki. Yaya na Rafin Daɗi, keken nawa mai giya bakwai ne, zai yi? Kuma direbobi na yarda su ɗauka?

Na Rafin Daɗi:
Zai yi in ƙafarka na da ƙarfi, amma ka canza robar birki kafin ka tafi don gangaren can na cinye ta da wuri. Ka cire tayar gaba ka ɗaure ta jikin firam, ka naɗe sarƙar da tsumma kada ta ɓata kayan mutane, in ba ka samu mota kai tsaye ba ka sauka Kano ka canza, za su caje ka kuɗin kaya ka yi ciniki tun kafin a ɗora. Ka sai ma yaran safa da hular sanyi da suwaita a gwanjo tun daga nan, man kaɗe ma kada a manta saboda faso, maganin shaƙar yaron kuma ya zauna a jakar uwarshi ba cikin but ba. In kun isa ka yi mani magana in haɗa ka da mutanen da muke hawa Shere tare, har yanzu suna fita duk Asabar ƙarfe shida.