Neman shawara: zanen waliyyai a allo don yaran katikizim

Salama 'yan'uwa, don Allah a taimaka min. Ina koyar da katikizim, wato darasin addinin Kirista, wa yara 'yan shekara 6 zuwa 9 a cocinmu, ga Bikin Dukan Waliyyai na zuwa ran 1 ga Nuwamba, ina so in riƙa zana musu waliyyi ɗaya a allo duk Lahadi. Damuwata ita ce sunaye kawai suke haddacewa, tausayin mutanen nan baya shiga zuciyarsu. Da wa zan fara, kuma me zan zana?

Katikis (malamin katikizim): 'Yata, kar ki wahalar da kanki da fuska, aikin da waliyyin ya yi shi zaki zana. Fara da Martin na Tours, sojan Roma da ya tarar da almajiri na rawar sanyi a ƙofar garin Amiens a Faransa, ya sa takobi ya raba mayafinsa biyu ya ba shi rabi. Doki, takobi, jan mayafi, shikenan. Bikinsa 11 ga Nuwamba, hunturu na shigowa kenan, sai ki tambaye su wa suka sani a unguwa da ba shi da rigar sanyi.

Wata uwa: Malama kar ki manta da Josephine Bakhita! Yarinya ce daga Darfur aka sace ta aka sayar da ita baiwa, ta ƙare rayuwarta a matsayin sista, wato macen da ta keɓe kanta don bautar Allah, a Italiya a 1947 kuma ta yafe wa waɗanda suka azabtar da ita, a 2000 aka ayyana ta waliyyiya. Amma don Allah banda tabon wuƙa da bulala a allo, ƙananan zasu tsorata, ki zana sarƙa a tsinke da hannu biyu a buɗe.

Malamin firamare: Ni Martin de Porres na Lima a ƙasar Peru ne yaran ajina suka fi so, ga tsintsiya a hannunsa ga kare da kyanwa da ɓera suna ci a kwano ɗaya. Ki bar gefe guda na allon fayau, kowane yaro ya fito ya zana alherin da ya yi wa wani a satin, ko ɗebo wa kaka ruwa ne. Kuma ki goge allon da gawayi tun ran Asabar, in ba haka ba alli mai kala baya fitowa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Katikis, da mai mayafin zan fara, amma dokin nan fa, in na zana Martin ɗin a ƙasa ba doki, ya yi?

Katikis: Ya yi mana 'yata, mayafin dai ya fito da kyau.