Barasa ce ke hana 'ya'yan ɓera natsuwa, ko yunwar uwa?

Malam Isiyaku: Ina nan kan bakana. Yawan kai-komon da ake gani a 'ya'yan ɓeran da uwarsu ta sha barasa da ciki, ba a tabbatar barasar ce ta jawo shi ba. A abincin ruwa na Lieber-DeCarli, wanda ake ba ɓerayen gwaji barasa a cikinsa, kusan kashi 35 cikin 100 na kuzarin daga barasa yake. Uwa ta rage ci, nono ya ragu, lasar 'ya'ya ta ragu. Ɗan da ya tashi haka ina zai natsu?

Dakta Hauwa: Malam, an daɗe da toshe wannan kafar. Rukuni uku ake yi. Ana auna abin da mai barasa ta ci jiya, a ba takwararta daidai shi yau, da sukarin maltos a madadin barasa. Ta uku kuwa ta ci ta ƙoshi. Da an haihu sai a kai 'ya'yan ga uwar goyo da ba ta taɓa sha ba.

Malam Isiyaku: Ai auna abincin ma takura ce, Dakta. Ta cinye rabonta cikin 'yan sa'o'i, ta wuni da yunwa, sinadarin damuwa ya hau a jininta.

Dakta Sabo: Nan kam kana da gaskiya. To mu cire ciki daga maganar. Bunƙasar ƙwaƙwalwar da ɗan Adam ke yi a watanni uku na ƙarshen ciki, ɓera bayan haihuwa yake yinta, wajen kwana 4 zuwa 9. Sai a zura wa jaririn barasa cikin madara ta siririn bututu, ɗan'uwansa a zura masa bututun babu barasa. Masu bincike Bonthius da West a 1990 sun nuna giram 4.5 na barasa kan kowane kilo na nauyin jiki, a dunƙule, ya fi giram 6.6 da aka rarraba cikin yini kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ƙololuwar barasa a jini ce ke ɓarna. Yunwa ba ta bayyana wannan.

Malam Isiyaku: Mutuwar ƙwayoyi na yarda. Batun zamantakewa fa? Ɓeran da bai iya tsayawa wuri ɗaya ba, dole lokacin shinshinar ɗan'uwansa ya ragu. Sai ku rubuta wai ba ya son jama'a.

Dakta Hauwa: Shi ya sa ba a ƙirga daƙiƙun shinshina kaɗai. A akwati mai ɗaki uku, cikin minti 10, ana ƙirga sau nawa ya ƙetare ƙofa daban, a lissafa rabon zamansa wajen baƙon ɓera daban. Wasan kokawa kuma, danne abokin wasa da cafkar ƙeya, wajen kwana 30 zuwa 35 da haihuwa ya fi yawa; wanda ya gwada a kwana 60 ya makara. Kuma a raba maza da mata. Meyer da Riley a 1986 sun ga wasan mazan ya ragu, na matan ya ƙaru. Ka haɗa su, bambancin ya ɓace.

Dakta Sabo: Kuskuren da ya fi damuna ma ba ku taɓo ba: a ɗauki 'ya'ya takwas na uwa ɗaya a lissafa su takwas, alhali uwa ɗaya ce ta sha barasar. Namiji ɗaya da mace ɗaya daga kowace haihuwa, shi ke nan.

Malam Isiyaku: Ku ƙara da ɗumi. Jaririn da ya bugu jikinsa sanyi yake yi, ya kasa kama nono. Takardar da ba ta faɗi nauyin 'ya'yan na kullum da zafin jikinsu ba, har yanzu ban karɓe ta ba.