Sofiya Na Ce, Ba Safiya Ba

Baban Sofiya: Jama'a, ku raba ni da wannan ƙauyanci. Na kai yarinyata makaranta, na ce Sofiya, malamin ya ɗago ya dube ni, ya rubuta Safiya a rajista, wai ya gyara mini. Sofiya kalmar Girkanci ce, ma'anarta hikima. Ita ce ma a cikin kalmar falsafa, wato son hikima. Ba ta haɗa komai da Safiyya ta Larabci ba.

Maman Biyu: Wa kake kira ɗan ƙauye? Kakata Safiya ce, kuma a cikin birni aka yanke mata cibi.

Baban Sofiya: Hajiya, ba da ke nake ba.

Malam: Ka ji tsoron Allah. Safiyya bint Huyay matar Manzon Allah (SAW) ce, bayan Khaibar ya aure ta, shekara ta 7 bayan hijira. Goggonsa ma Safiyya ce, 'yar Abdulmuɗɗalibi. Ma'anar sunan tsarkakakkiya. Shi ne ƙauyanci?

Baban Sofiya: Allah gafarta Malam, halin mai rajistar na ce, ba sunan ba.

Bazazzagi: Wai ma yaushe ƙauye ya zama zagi? Masarar da kuke tuwo da ita a Kano daga sama take faɗowa?

Bakano: Ina Kano ta shigo ciki? Kai kullum sai ka tsokane mu.

Ɗalibi: Ku dakata mana. Ayasofiya ta Istanbul fa? Coci ce da aka kammala a 537, Sultan Muhammadul Fatih ya mayar da ita masallaci a 1453, kuma sunan na nan har yau. A 2020 aka koma salla a cikinta.

Maman Biyu: Ai sunan wata sarauniyarsu ne.

Ɗalibi: A'a Mama, Hikima Mai Tsarki ake nufi.

Bazazzagi: Bakano, ba ka amsa mini zancen masara ba.

Bakano: Kasuwar Dawanau kuke kawowa, mu yanka muku farashi. Ka ƙoshi?

Ɗan Auta: Ni dai safiyar da na sani ita ce ta koko da ƙosai.

Shugaban zaure: To, ya isa haka. A taƙaice: an tabbatar Safiyya suna ne mai asali, kuma ƙauye ke ciyar da birni, kamar yadda mu da aka haifa a can muka daɗe muna faɗa. Zancen Girkawa kuwa ba wanda ya kawo hujja. Baban Sofiya ya janye kalmarsa.

Baban Sofiya: Yaushe na janye? Kuma rajistar fa har yanzu Safiya ce a ciki!