Linux ce ta kashe Wi-Fi ɗin laftof ɗin Sadiƙu, ko kuwa?

Sadiƙu Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan faɗi wata magana, wanda ta yi wa zafi ya yi haƙuri. Linux, babbar manhajar nan da ake ɗora wa kwamfuta a madadin Windows, ba ta ɗan koyo ba ce, kuma ba ta dace da irin laftof ɗin tokumbo da muke saye a nan Legas ba. Ga hujjata. Na sayi tawa a Computer Village da ke Ikeja, da Windows 10 a kanta. Da na ji an daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, tawa kuma ba ta kai ta ɗauki Windows 11 ba, sai abokina ya ce in ɗora Linux, kyauta ce. Na ƙona data kusan giga 6 na sauke ta, na zuba a filashi. Tun a wajen ɗorawa ta ƙi ganin faifan ajiya, alhali yana ciki, sai da wani bidiyo ya nuna mini abin da zan canza a BIOS, wato saitin kwamfuta na asali da ake shiga kafin babbar manhaja ta tashi. Da na gama na kunna, babu Wi-Fi, ko alamarsa babu a kusurwar allo. Laftof ɗin kuwa ba ta da ramin igiyar intanet. Duk inda na duba sai a ce in sauke wata manhaja wai ita direba daga intanet. Da wane intanet ɗin? Yau kwana uku tana rufe a kan tabarma, ga aikin makaranta yana jirana.

Alhaji Ɗanlami Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Sadiƙu ka yi gaskiya, araha ba ta ado. Yaron shagona ya taɓa ɗora ta a ɗaya daga cikin kwamfutocinmu ba da sanina ba. Ranar wani bawan Allah ya zo da takardar neman aiki, motar Apapa yake son kamawa, firinta ta ƙi motsi. Fitilarta na ci, amma ko tari ba ta yi ba. A gabana ya zare filashinsa ya tsallaka shagon da ke kallonmu. Ka kai ta Ikeja a goge a maido maka da Windows, ka huta.

Injiniya Bashir: Alhaji, Allah Ya ƙara girma, a bar ni in sa baki, don a kan teburina irin waɗannan suke ƙarewa. Sadiƙu, ka fara kwantar da hankalinka, katin Wi-Fi ɗinka lafiyarsa lau, babu abin da ya ƙone. Tafinta ne babu. Kowane ƙarfe da ke cikin kwamfuta yana da 'yar manhajar da ke fassara tsakaninsa da babbar manhaja, ita muke kira direba. Ka ga ya yi aiki a Windows ne saboda kamfanin da ya ƙera katin ya rubuta wa Windows direba, wanda ya sayar maka kuma ya zuba maka shi kafin ya miƙo maka. A Linux yawancin direbobi suna cikin ƙwayar manhajar tun asali, shi ya sa madannai da allo da lasifika suka tashi ba ka taɓa komai ba. Sai dai wasu kamfanonin suna rufe bayanin yadda katinsu ke aiki, ko su sa wa direbansu lasisin da ya hana a haɗa shi cikin ƙwayar. Katunan Intel galibi da kansu suke tashi. Wasu na Broadcom da wasu na Realtek sai an ƙaro musu direba daga baya.

Abin da mutane ba su sani ba game da tokumbo shi ne, laftof biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya, ka kwance bayansu ka tarar kowace da katinta daban. Wani lokaci daga masana'anta haka suka fito, wani lokaci a kasuwa aka musanya. Don haka “ai ta yi aiki a ta abokina” ba ya tabbatar da komai a kan taka.

Yanzu ɗauko wayarka ta Android da igiyar cajinta, ka jona da laftof ɗin, ka shiga saitin wayar ka kunna raba intanet ta USB. Linux za ta gane ta nan take, ai Android ɗin ma a kan ƙwayar Linux aka gina ta. Daga nan in Linux ɗinka nau'in Ubuntu ce ka buɗe Additional Drivers, in nau'in Mint ce Driver Manager, ka zaɓi direban da ta nuna maka, ka sake kunnawa. In ya ƙi, to wataƙila Secure Boot ne ya tare shi, tsaron nan da ke hana direban da ba a tantance ba tashi, ka koma BIOS ka kashe.

Malama Rabi Mile 12: Injiniya, babu kuskure a bayaninka, amma ka lura maganar Sadiƙu ka ƙarfafa. Ƙirga abubuwan da ka lissafa: BIOS, Secure Boot, sunan kamfanin kati, raba intanet ta igiya. Yaron da jiya-jiya ya sayi kwamfutarsa ta farko, ina zai san waɗannan? Shi bai damu da ko laifin kamfani ne ko na Linux ba, intanet ɗinsa ne ya ɓace. Inda na rabu da shi kawai shi ne cewa ba ta dace da tokumbo ba. Tsofaffin kwamfutocin da nake koya wa yara da su, masu ram giga 4, a Windows sai ka sha shayi kafin su buɗe. Da na sa musu Mint mai Xfce, wato nau'inta mara nauyi, suka farfaɗo. Tsohuwar kwamfuta ma ta fi sabuwa sauƙi, don an daɗe da rubuta wa kayan cikinta direba.

Ni wanda nake ganin laifinsa shi ne abokin da ya ce “kyauta ce” ya juya ya tafi. Wannan filashin da Sadiƙu ya haɗa, yana iya tayar da Linux gaba ɗayanta daga cikinsa ba tare da ya taɓa faifan ajiya ba. Da an ce masa ya fara danna gwaji kafin ɗorawa, ya duba Wi-Fi, ya duba sauti da kyamara, ya rufe murfin ya buɗe ya ga ko za ta farka, da cikin minti goma ya ga matsalar tun Windows ɗinsa na nan. Windows ba ta ba ka wannan damar ba, amma mu masu tallar Linux mun fi son yabonta a kan koyar da wannan.

Sadiƙu Agege: Malama, wallahi na ga wurin. Zaɓi biyu ne, gwaji da ɗorawa. Na ɗauka gwajin ɓata lokaci ne.

Nura Obalende: Yaya Bashir, ni ina tare da Sadiƙu fiye da yadda kake so. Su kansu masu Linux sun amsa cewa matsala ce. Debian, ɗaya daga cikin manyan nau'o'in Linux, ta shafe shekaru tana ƙin saka rufaffiyar manhajar kati a faifanta na hukuma, mutane suna ɗorawa suna tashi babu Wi-Fi. Sai da suka kaɗa ƙuri'a a 2022, daga Debian 12 da ta fito a Yunin 2023 suka fara sakawa. Da ba ta cutar da 'yan koyo, me zai sa su sauya?

Injiniya Bashir: Haka aka yi Nura, ban musa ba. Amma ka dubi wanda ya riƙe makullin. A 2012 Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya fito fili a wata jami'a a Finlan ya caccaki Nvidia, kamfanin da ke ƙera katin hoto na kwamfuta, kan wannan rufe-rufen, sai a 2022 suka buɗe wani sashe na direbansu. Ba za ka kama wanda aka kulle a waje da laifin ƙin shiga ɗaki ba.

Alhaji Ɗanlami Idi-Araba: To ni firintata fa? Ita ma makulli ne?

Injiniya Bashir: Shi ne, Alhaji. Firintocin HP da yawa suna da direban Linux, sababbin da ke aiki ta Wi-Fi kuma yawanci ba sa buƙatar direba ma. Tsofaffin ƙananan nan da aka yi su don Windows kaɗai su ne masu taurin kai. Amma kai ba zan ce ka koma Linux ba. Katin biki da kalanda da CorelDRAW kuke yi, ita kuwa ba ta da ta Linux. Ka zauna inda abincinka yake. Sadiƙu ɗalibi ne, rubutu da bincike ne aikinsa, lissafinku ba ɗaya ba ne.

Sadiƙu Agege: Alhamdu lillahi, na dawo. Na jona wayar, intanet ya zo. Na sa direban, na sake kunnawa, shiru. Na kashe Secure Boot kamar yadda Injiniya ya ce, sai ga sunayen Wi-Fi na maƙwabta sun jeru, har da na mai shagon caji na bakin layinmu. Na janye maganar tokumbo. Ta ɗan koyo kuwa ina nan a kanta, don da ba ku nan da yanzu ina cikin danfo zuwa Ikeja. Kuma na gwada abin da Malama ta ce, na rufe murfin na buɗe, allon ya tsaya baƙi, sai da na danne maɓallin wuta ta mutu.

Malama Rabi Mile 12: Kafin ka taɓa komai, kwafe aikin makarantarka a wani filashin daban.

Injiniya Bashir: Buɗe tagar umarni, wato Terminal, ka rubuta lspci, zai jero maka katunan da ke cikin laftof ɗin, ka ɗauki hoton abin da ya fito ka turo mini. Katin hoto nake son gani. In ba mu gane ta nan ba, ka kawo ta ranar Asabar bayan azahar, ka taho da cajarta.